Zuwa Ƙolin Fogo, Dutsen da Ake Noma a Cikin Bakinsa

Hazon da na baro a Kano ya riga ni isa Praia. Na biyo ta Legas da Dakar, na sauka a babban birnin Cabo Verde da dare, na mayar da agogona baya da awa 2, na kwanta ina ganin na rabu da ƙurar hunturu ke nan, tunda ga ni a tsakiyar teku, fiye da kilomita 600 daga Dakar. Gari na wayewa na leƙa taga, sai na ga ya yi fari fat, ko bakin ruwa ba a hangowa. Ashe iskar nan tamu ba ta san ƙasa ta ƙare ba. Haka take kwaso ƙurar Sahara ta haura da ita kan Atlantika, ta lulluɓe tsibiran nan 10 daga Disamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har ta hana jiragen sama tashi. Ƙaramin jirgin da zai kai mu tsibirin Fogo cikin minti 30 yana nan a ajiye. Aka ce a dawo gobe, goben ma sai abin da hali ya yi.

Shigowa ƙasar kam ba ta ba ni wahala ba, domin Cabo Verde tana cikin ECOWAS, fasfona ya wadatar. Tikitin komawa da adireshin masauki kawai aka tambaye ni. Fita daga Praia ce ta zama aiki. Wani ma'aikacin masaukina ya ce idan ina da ƙarfin zuciya in bi jirgin ruwa, shi hazo bai cika tsayar da shi ba, kuma ya fi araha. Sai daga baya na fahimci ƙarfin ciki yake nufi.

Tafiyar awa 4 ce. Muna barin tasha wani matashi ya bi layin kujeru yana raba leda. Ban tambayi amfaninta ba, kafin awa guda na gane da kaina. Muddin jirgin yana bin gefen tsibirin Santiago, inda Praia take, lafiya lau ne, amma da ya fita fili tsakanin tsibiran biyu sai igiyar ruwa ta soma ɗaga shi tana dire shi. Wata tsohuwa da ke gefena, mai ɗan kwali baƙi, ko gezau ba ta yi ba. Ta dube ni, ta nuna mini taga da haɓa, wai in kafa ido a can nesa in daina kallon ƙafafuna. Ya ɗan taimaka. Sai da muka matso ƙwarai sannan Fogo ya fito daga cikin hazo, kuma abin da na fara lura da shi shi ne tsibirin gaba ɗayansa dutse ɗaya ne, zagayayye, ya taso daga ruwa ya miƙe sama ba tare da ya bar wani fili a gindinsa ba. Faɗinsa bai wuce kilomita 25 da 'yan kai ba, mutanensa kuwa ba su kai 40,000 ba. Turawan Fotugal da suka iso a wajajen 1460 São Filipe suka raɗa masa. Aman wutar 1680, wanda aka ce matuƙan jiragen ruwa sun daɗe suna kama hanya da haskensa, shi ya sa ake ce masa Fogo, wato wuta.

Sunan farko ya koma kan babban garin tsibirin, inda na kwana. São Filipe yana zaune ne a kan wani tudu da ya yanke tsaye, a ƙarƙashinsa ga rairayin bakin teku baƙi ƙirin. Titunansa duk jeren duwatsu ne da aka dasa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Akwai tsofaffin benaye masu barandar katako, waɗanda a zamanin da masu gonaki ke zama a sama, bayi da barori a ƙasa. Daga gaɓar Gini aka riƙa kawo bayin nan, su noma auduga su saƙa zane, a koma da zanen gaɓar a sayo wasu bayin. Da a ce ina da ƙarfi da na zagaya garin sosai, amma ƙasa ma rawa take yi mini, sai na nemi shayi na kwanta.

Motar Chã das Caldeiras, ƙauyen da ke gindin ƙolin, tana tashi ne daga kusa da kasuwa kafin azahar. Hiace ce, kuma da sunan nan nata suke kiranta. Kuɗin mota a lokacin escudo 1,000 ne. Lissafin kuɗinsu da sauƙi, domin an ɗaure shi da yuro: escudo 110 yuro ɗaya. An ce ƙarfe 11 za a tashi, amma sai da direba ya zagaya gari ya ɗauki buhun siminti 2, tukunyar gas, katan-katan na taliya da wata shuɗiyar ganga da aka aiko daga Amurka. Wani fasinja mai hular hana-sallah, da Turancinsa na Amurkawa, ya ce da wuya ka sami gida a Fogo da ba shi da ɗan'uwa a Brockton ko Boston. Tun zamanin jiragen masu farautar kifin whale ake tafiya can, kuma gangunan nan cike suke zuwa da tufafi da abincin gwangwani. Da direba ya ji daga inda na fito, sai ya waiwayo gaba ɗaya yana tuƙi ya ce, "Osimhen!" Na ce masa na gode, amma ya dubi hanya.

Nisan bai fi kilomita 30 da 'yan kai ba, sai dai duk hawa ne, ya ci mana kusan awa ɗaya da rabi. Gonakin masara sun bushe, awaki na kiwo a cikin kara. Kunnuwana suka toshe, iskar da ke shigowa ta taga ta yi sanyi. A Achada Furna fasinjan nan ya nuna mini jerin ƙananan gidaje iri ɗaya, da yawansu a kulle. Ya ce an gina su ne bayan aman wutar 1995 domin mutanen Chã su zauna a nan su bar cikin dutsen. Akwai wasu irinsu a Monte Grande. Na ce to ina masu gidajen? Ya yi dariya, ya nuna sama.

Muka sha wata kwana, muka wuce allon gandun Parque Natural do Fogo, sai hirar cikin mota ta fita daga kunnena. A hagu wani bango na dutse ya miƙe tsaye, a wasu wurare tsayinsa ya kusa mita 1,000, ya yi rabin da'ira ya kewaye wani kwari mai faɗin kilomita 9. Bordeira suke ce masa. Ƙasan kwarin baƙi ne, narkakken dutse da ya malalo ya daskare, ya tsattsage, ya yi tsini-tsini, babu ko tsiron ciyawa. A dama kuwa ga Pico do Fogo, mai tsayin mita 2,829 daga teku, ya tashi sumul daga tsakiyar kwarin. Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Na ɗaga kai na dubi inda na yi alkawarin zuwa gobe, na haɗiyi yawu.

Tsohuwar hanyar mota tana ƙarƙashin dutsen da ya malalo a 2014, saboda haka sabuwar ta raɓa gindin bango. Da muka iso Portela, ɗaya daga cikin unguwannin Chã, na ga wasu fararen shimfiɗu na siminti daidai da ƙasa, na ɗauka shanya ake yi a kansu. Rufin gidaje ne. Ɗakunan suna nan a ƙasa, dutse ya shiga ta ƙofa da taga ya cika su. Kusa da su, wani wurin ma a kansu, an tayar da sababbin gidaje, wasu na bulo, wasu zagayayyu na baƙin dutse. Yara suka taso suna tallar 'yan ƙananan gidaje da suka sassaƙa da dutsen nan. Biyu daga cikinsu gashinsu ja-ja ne, idanunsu masu haske. An ce mini jinin Armand Montrond ne, wani Bafaranshe da ya sauka a Fogo a shekarun 1870, ya zauna, ya bar 'ya'ya da yawa. Sunansa na nan birjik a ƙauyen.

Na sami ɗaki a gidan wata mata, escudo 3,500 har da karin kumallo. Da na cire takalmi na taka daɓen ɗakin sai na ji ɗumi, alhali a waje sanyi ya soma cizo. Na dube ta. Ta buga ƙasa da ƙafa ta yi magana da Kiriyol, yaren da suke yi a gida, ɗanta ya fassara mini: a kan dutsen 2014 aka yi ginin, yana da kauri, cikinsa bai gama hucewa ba. Shekarun farko, in ji ta, ba a iya taka wurin ba takalmi, a kan rufi suke kwana.

Abincin dare cachupa ne, surfaffiyar masara da wake da aka daɗe ana dafawa. Tun a Praia aka gargaɗe ni cewa yawanci da naman alade ake yin ta, don haka tun da rana na gaya wa yaron. Uwar ba ta ɗauki abin da zafi ba, ta yi mini tawa daban da kabewa da kifin gwangwani. Da aka kawo giyar inabinsu ta gida, wadda suke ji da ita ƙwarai, na ce a yi mini afuwa, sai maigidan ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce mutum ya zo har Chã ya koma bai ɗanɗana ba! Ya sa aka kawo mini gahawar Mosteiros, wadda ake nomawa a arewacin tsibirin, da cukun akuya. Ban yi asara ba. Ruwa kuwa da gwangwani ake auna shi. Na sama ne ake tarawa daga rufi zuwa wata rijiyar siminti a 'yan watannin damina, Agusta zuwa Oktoba, in ya ƙare a sayo na tanka. Da matar ta ga ina neman na alwala, ta ɗumama mini rabin kofi babba ba tare da na roƙa ba. Daga wani kanti can gaba ana jiyo jita da goge irin na Turawa har tsakar dare.

Ba a hawa Pico sai da ɗan jagora, kuma 'yan ƙauyen ne ke yin aikin. Namu saurayi ne siriri da bai kai shekara 30 ba, yana jin Faransanci da ɗan Turanci, ni kuma ina da ɗan Faransancin da na tsinta a zirga-zirgar Maraɗi. Ya yanka mana escudo 6,000, mu uku: ni da wasu Jamusawa, miji da mata, da suka haura shekara 60. Kowa 2,000. Ya duba takalmina, ya ce in zo da ruwa lita 2, da rigar sanyi, da doguwar safa. Bai tsaya koyon sunana ba, Najeriya kawai yake kirana.

Na yi sallar asuba hannuwana na karkarwa, ƙarfe 6 muka kama hanya da tocila. Portela tana wajen mita 1,700 ne, ke nan hawan mita 1,100 ke gabanmu. Awar farko kusan shimfiɗe take, ta cikin gonaki, kuma da gari ya soma haske na ga irin noman da ban taɓa gani ba. Babu kunya, babu ƙasa ma irin wadda muka sani, sai baƙar tsakuwa mara nauyi da ke ƙara a ƙarƙashin takalmi. An haƙa ramuka a cikinta nan da can, kowane rami da kurangar inabi guda a kwance, ba a kafa mata sanda ba. Da yake rani ne duk sun zubar da ganye. Jagoran ya durƙusa ya tona da hannu har wuyan hannunsa ya nutse, ya ce in sa nawa. Akwai laima. Ya ce tsakuwar nan tana shan raɓa da hazon gajimare da dare, da rana kuma ta hana rana ta ƙafar da shi. Ana zurfafa ramin har a taɓa tsohuwar ƙasa, a zuba takin awaki, shi ke nan, ba a ban-ruwa. A Yuli da Agusta ake tsinkar inabin. Ban da shi akwai tuffa, da rumman, da ɓaure, da wake, ga zurma ta fito da kanta a gefen hanya.

Daga nan hanya ta ɗaga kai. Tokar da ke jikin dutsen ba ta riƙe ƙafa, kamar mutum ya ce zai hau tsibin gero a masussuka: ka taka uku, ka zame biyu. Kafin minti 20 na cire rigar sanyi, gumi na bin bayana, hancina kuma na zubar da ruwa don sanyi. Jamusawan nan, da sandunansu bibbiyu, suna tafiya a hankali ba sa tsayawa. Ni kuwa sai in yi sauri in cim musu, in tsaya ina haki, su sake wuce ni. Jagoran ya dawo baya ya ce, "Najeriya, ka rage taku. Ƙanana-ƙanana. Ka sa ƙafarka inda na cire tawa." Na bi maganarsa, numfashina ya ɗan daidaita.

Bayan kamar awa 2 muka bar toka muka kama wani ƙashin dutse mai tauri da ya miƙe har sama. Nan ƙafa na samun wurin takawa, amma dole hannu ya taimaka, dutsen kuma kaifi gare shi, ya kankare mini tafin hannu. A wata tsaga na ga wani ɗan tsiro mai ganye fari-fari. Na murza na shinshina, sai ƙamshin tazargade ya bugi hancina. Jagoran ya ce losna ce, suna dafa ta su sha don ciwon ciki da mura. Dangi ɗaya ne da tamu. Daga wajen mita 2,400 ko ita ma babu. Kaina ya soma sarawa, zuciyata na bugawa har cikin kunne, ina ƙirga taku 30 in tsaya. Sau ɗaya na waiwaya, na ga Portela ta koma 'yan ɗige-ɗige farare a cikin baƙi, gangaren da muka hawo kuma ya miƙe zar babu abin da zai tare mutum. Ban ƙara waiwayawa ba sai da na zauna.

A wannan zaman na tambaye shi labarin aman wutar 2014. Ya ce ranar Lahadi ce, 23 ga Nuwamba, da hantsi. Kwanaki kafin nan ƙasa tana ta motsi, tsofaffin da suka ga na 1951 da na 1995 sun riga sun ce a shirya. Ba daga ƙolin nan wutar ta fashe ba, daga gindinsa ne ta yamma, kusa da inda ta fashe a 1995. "Ba gudu take yi ba," in ji shi. "Tafiya take yi. Kana iya tsayawa a gabanta ka sha taba." Saboda haka suka sami kwanaki suna kwashe kaya zuwa jikin Bordeira: katifu, awaki, gangunan giya, sannan suka dawo suka ɓalle ƙofofi da tagogi. Yana tsaye a kan tudu tare da mahaifinsa lokacin da ta iso gidansu. Ya ce bangon ya ɗan yi gardama, sannan ya durƙusa. Makaranta, coci-coci, da sabon ofishin gandun da ko shekara bai yi da buɗewa ba, duk suka tafi. Portela da maƙwabciyarta Bangaeira kusan babu abin da ya rage. Ba ta lafa ba sai 8 ga Fabrairun 2015. Mutum wajen 1,000 suka rasa matsuguni, amma ko rai ɗaya bai salwanta ba.

Ƙarfe 10 da 'yan mintuna warin farar wuta ya tarye mu, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, muka fito bakin ramin ƙoli. Faɗinsa mita 500 ne, zurfinsa 150, jikinsa ja da rawaya da toka-toka, tururi na fita ta wasu tsagogi. Na kai hannu kusa da ɗaya na janye da sauri. Can a ƙasan ramin wasu masu ƙarfin hali sun sauka sun jera sunayensu da fararen duwatsu. Ainihin ƙololuwar tana ɗan gaba, hawan minti 15 da hannu da ƙafa, rami a gefe guda, sarari a ɗaya gefen. Bajamushen ya ce shi nan ya isa. Matarsa ta ajiye sanduna ta bi jagora, ni kuma kunya ta hana ni zama. Gwiwoyina na rawa na isa, na sami dutse na rungume kafin in yarda in ɗaga ido.

Hazon yana ƙasa da mu, ya shimfiɗu ja-ja har iyakar gani, sama kuwa shuɗi tas. Can gabas ƙolin Santiago ya ɗan leƙo daga cikinsa. Daga nan ne mutum ke gane siffar wurin: bangon Bordeira ya kewaye yamma, amma ta gabas babu bango sam, gangare ne kawai har teku. Masana ilmin ƙasa sun ce wannan ɓangaren na tsibirin ya zaftare cikin ruwa kimanin shekara 73,000 da suka wuce, igiyar da ya tayar kuma ta ɗauki duwatsu masu nauyin ɗaruruwan tan ta dire su a kan tudun Santiago, fiye da kilomita 50 daga nan. Jagoran bai damu da wannan ba. Shi kwarin yake nuna mini da yatsa, inda malalar kowace shekara ta bar nata launi: wancan da ya soma dusashewa na 1951, wancan na 1995, wannan baƙi wuluk da ya bi ta kan ƙauye na 2014. A tsakankaninsu ga tsibi-tsibin gonakin da wuta ta kewaye ta bari.

Muka dawo bakin rami muka zauna cin burodi da cuku, na yi masa tambayar da na san duk baƙo yana yi. Gwamnati ta ba ku gidaje a waje, ta so ta hana sake gini a nan, kun kuma san za ta sake fashewa. Me ya dawo da ku? Bai ji haushi ba. Ya ce, "A Achada Furna akwai gida. Me za a ci a cikinsa?" Ya tauna burodi, ya ce kakarsa ta ga aman wuta uku, ba ta taɓa ba su labarinsu da kuka ba. Abin da ke sa ta kuka shi ne shekarun da ruwa bai zo ba, tana yarinya, lokacin da ake tsintar gawa a bakin hanya. "Dutsen nan yana sanarwa kafin ya zo. Ya ci gida, ya bar mutum. Fari ba ya barin kowa."

Tarihi yana bayansa. A yunwar 1941 zuwa 1943 Fogo ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanensa, wata kuma ta sake afka wa tsibiran a 1947 da 1948, duk a ƙarƙashin mulkin Fotugal, wanda bai ƙare ba sai 1975. Aman wutar 1995 da na 2014 kuwa ba su kashe kowa ba. A tsibirin da damina ke iya tsallake shekara, wurin da ƙasa ke riƙe laima da kanta ba abin da za a bari ba ne don an ba ka ɗaki biyu da makulli. Ban ce masana da hukuma ba su da hujja ba. A 1995 da 2014 hanyar mota ɗaya ce tak ke fita daga kwarin, duka biyun ita wuta ta fara datsewa, kuma babu wanda ya yi alkawarin cewa ta gaba ma a hankali za ta taho. Amma wanda ya tashi yana jin labarin farin 1973 daga bakin iyayensa, kamar ni, ba zai yi saurin ce wa mutanen nan marasa hankali ba.

Saukowa wani abu ne daban. Muka ɗan gangara ta cikin duwatsu, sai ga wani shimfiɗeɗɗen gangare na toka zalla, ya tafi ɗaruruwan mitoci ƙasa. Jagoran ya ce a cusa ƙafar wando cikin safa, a jingina baya, a dinga dira da dunduniya. Yana faɗa ya zabura, ƙura ta bi shi. Na taka a tsorace, ƙafata ta nutse har ƙwauri, tokar ta tafi da ni. Taku ɗaya sai ya zama uku. Kafin in ankara gudu nake yi, ina ihu, ni da furfura ta soma fito wa a gemu. Na faɗi, ban ji ciwo ba, na tashi na ci gaba. Abin da ya ci mana awa 4 a hawa, minti 40 ya ishe shi. Bajamushiyar nan ta riga ni isa ƙasa, ta zauna tana zazzage takalmi tana dariya har da hawaye.

Gangaren ya sauke mu kusa da Pico Pequeno, ƙaramin bakin da wutar 2014 ta fito. Ƙasar wurin rawaya ce da ja, zafinta na ratsa takalmi. Jagoran ya tsinci busasshen reshe ya cusa a wata tsaga, bai yi minti ɗaya ba ya fito da shi yana ci da wuta. Daga nan zuwa Portela tafiyar fiye da awa guda ce a shimfiɗe, cikin rana, ruwana ya ƙare, kuma a gaskiya ita ta fi gallabata a duk ranar. Mun shiga ƙauye ƙarfe 2 saura. Na biya shi kuɗinsa na ƙara masa 500, ya ce gobe cinyoyina za su gaishe ni.

Uwar masaukina ta ba ni ruwa rabin bokiti, ruwan da ya sauka daga jikina baƙi ne. Motar São Filipe da sassafe take fita, wajen 6 da rabi, don haka tun da yamma na je yin sallama. Na tarar da maigidan yana kwaɓa siminti da baƙar tsakuwar nan, yana buga bulo. Ɗaki biyu zai ƙara saboda baƙi. Na ce wa yaron ya tambayar mini mahaifiyarsa, idan dutsen ya sake tashi fa?

Ta goge hannu a zane, ta kama ƙofar ɗakin da na kwana ta jijjiga ta. Sai a lokacin na lura ƙofar ta girmi ginin nesa ba kusa ba, fentinta shuɗi ya kwaile, gefenta ɗaya an ƙara mata katako don ta cika gurbin.

"Ta ce wannan ta tsohon gidan ce," in ji yaron. "Gida na uku ke nan da aka sa ta. Ta ce da noti Baba ya ɗaura ta, minti biyar ya isa a kwance."